Nokia Ta Dawo Ta Tarar An Cinye Kasuwa

Masu karatu, duk wanda ya yi wayo a lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ya san babu sunan da ya kai na Nokia. Daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi har Shinkafi, in an ce waya to ita ake nufi, musamman ƙirar 1100 ta 2003 wadda muka laƙaba wa suna mai tocila. Takan yi kwanaki ba a kai ta caji ba, ta faɗi ƙasa a harhaɗa ta, ta ci gaba da aiki. Kamfanin, wanda yake ƙasar Finlan, shi ne ya fi kowa sayar da waya a duniya tun daga 1998 har 2012 da Samsung ya sha gabansa.

To me ya kayar da shi? Da manyan wayoyi masu shafawa suka fito, sauran kamfanoni suka rungumi tsarin Android, sai Nokia ya bi na Windows a 2011. Masu saye kuwa suka juya masa baya, har ya sayar wa Microsoft sashen wayarsa a 2014.

A 2016 wani sabon kamfani na Finlan mai suna HMD ya karɓi izinin amfani da sunan. A 2017 ya fito da Nokia 3 da 5 da 6, dukansu Android masu matsakaicin kuɗi, ya kuma sabunta tsohuwar 3310 don ya tuna wa jama'a zumuncin da. Nufinsa shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya sami babbar waya da sunan da ya amince da shi.

Amma wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Kafin Nokia ta dawo, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya riga ya zauna da gindinsa. Ya lura mutanenmu suna riƙe layi biyu saboda sabis ɗin wannan kamfani yakan ɗauke inda na wancan yake kamawa, sai ya ba su waya mai layi biyu. Ya ga wutar lantarki ba ta zama, sai ya sa babban batir, ya kuma sassauta farashi. Kayan gyaransa suka cika shaguna, yaran da ke koyon gyaran waya kuma a kansu suka goge. A 2024 shi kansa HMD ya soma fitar da wayoyi da nasa sunan, alamar cewa tsohon suna kaɗai bai ci kasuwa ba.

Wannan labari ya shafe mu, domin a arewacin Zamfara waya ba kayan ado ba ce. Da ita fatake ke tambayar lafiyar hanya kafin su doshi kasuwar Shinkafi, da ita ake turo wa iyaye kuɗi daga Legas, da ita ake sanar da maƙwabta in an ga baƙin ido a daji. Mun daɗa gane haka a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse sabis a duk jihar saboda 'yan bindiga, ciniki da jin labarin dangi suka tsaya cik.

Saboda haka manomin da ya sayar da wakensa ko akuyarsa don ya sayi waya, kada ƙaunar tsohon suna ko kyan kwali su ja shi. Ya fara zuwa wurin mai gyara na garinsu ya tambaye shi ko yana da gilashinta da batirinta da bakin cajinta, da kuma nawa ne kuɗinsu. Wayar da sai an aika Gusau ko Kano kafin a sami gilashinta, ga hanya yadda take, ta zama mai tsada ko da an saye ta da araha. Ya kuma lissafa sau nawa zai biya mai caji a mako, ya karɓi rasit da takardar garanti, ya guji ta hannu wadda bai san asalinta ba, don kada ya sayi kayan sata ya kwana a ofishin 'yan sanda.

Tsohuwar zuma da ita ake magani, gaskiya ne, amma a sha'anin waya sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu zaman lafiya.