HANYAR MASU TAFIYA A ƘASA DA MASU KEKE A SABABBIN UNGUWANNI

Jama'a, a ko'ina cikin ƙasar nan ana ta yanka filaye ana gina sababbin unguwanni. Sau da yawa akan fitar da titin mota, a manta da wanda zai taka da ƙafarsa, alhali kuwa ɗan makaranta, da mai zuwa masallaci ko coci, da mai tura kurar ruwa, da lebura mai hawa keke sun fi masu mota yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 masu tafiya a ƙasa sai ƙaruwa suke yi. In ba a ware musu hanya ba, dole su cakuɗa da motoci, daga nan kuwa haɗari ke tasowa.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, amana domin jama'a. Dokar Tsara Birane ta 1992 kuwa ta hana a fara gini sai da izinin hukumar tsara gari. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari aikin jihohi ne, saboda haka awon da ake bi yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, Abuja kuma tana da nata. Sa'an nan Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta wajabta a gyara gefen titi da wuraren tsallakawa yadda makaho da mai keken guragu za su iya bi.

Abin da ya kamata a gani a taswira

1. Daɓen masu tafiya a ƙasa a kowane gefe na titi. Faɗinsa ya kai ƙafa 6, watau kusan mita 2, domin keken guragu biyu su iya wuce juna.

2. Lambatu a rufe da murfin kankare. Buɗaɗɗen lambatu rami ne ga yaro da tsoho, balle da dare ko da damina.

3. Layin keke daban a manyan tituna, da shinge ko tudu tsakaninsa da motoci.

4. Wurin tsallakawa mai zane a ƙofar makaranta, kasuwa da asibiti, tare da tudun rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane ke cakuɗa da motoci, domin wanda aka buge a wannan gudu ya fi samun damar tsira.

5. Lungu mai ratsawa tsakanin gidaje. Doguwar katanga marar ƙofa takan mai da tafiyar minti 5 ta zama ta rabin awa.

6. Itatuwan inuwa, da fitilu, da wurin ajiye keke.

Tun ran gini ake zane

Ware wannan hanya a takarda bai wuce jan layi ba. Amma in an riga an sayar da fuloti, gidaje sun tashi, ba za a same ta ba sai da rusau da biyan diyya da shari'a. Saboda haka kafin ka biya kuɗin fuloti, nemi a nuna maka taswirar da hukuma ta buga wa hatimi, ka duba faɗin hanyar da ke gabansa. Kada ka fito da katangarka, ko shago, ko rumfa, ko tulin yashi a kan daɓen jama'a. In ka ga wani ya yi haka, sanar da mai unguwa da ofishin tsara gari na jiharku.

Hanyar nan da kake son ci, ita ɗanka zai bi gobe zuwa makaranta. A kiyaye ta.