Tarihin Takobin Kokawa na Nijar da darasin da ke cikinsa ga yankin Babura da Kazaure

Duk shekara, idan aka kammala girbi kuma hunturu ya kankama, hankalin miliyoyin Hausawa yakan koma kan fage guda a Jamhuriyar Nijar, inda 'yan kokawa 80 ke fafatawa domin neman Takobin Ƙasa. Ba mutanen Nijar kaɗai ke bibiyar gasar ba. A garuruwan arewa maso yammacin Jihar Jigawa, irin su Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, akwai masu sauraron sakamakonta a rediyo da masu kallon bidiyonta a waya, har ma da masu musu a bakin kasuwa kan wanda zai kai labari.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Dambatta da Babura ita ce ke bi ta Babban Mutum ta faɗa Magarya, a Jihar Damagaram. Harshe ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne, kuma kokawar da ake yi a tsallaken iyaka ita ce dai wadda kakannin mutanen Babura suka gada. Bambancin kawai shi ne, a can ta zama gasar ƙasa mai shekara 50, a nan kuwa har yanzu galibi wasan kaka ce. Tarihin gasar ya nuna yadda aka yi hakan ta faru.

Asalinta a dandali

Kokawa, wadda mutanen Nijar suka fi kira kokowa, tsohuwar al'ada ce ta manoma. Lokacinta shi ne kaka, sa'ilin da gero da dawa suka shiga rumbu, ciki ya ɗauka, aikin gona ya lafa. Samarin wannan gari sukan tashi da makaɗansu su je wancan gari, a share fili, a zagaye shi, a fito da gwanaye. Ɗan kokawa yakan shiga fage da walki da layu da guraye, ya yi kirari, makaɗi ya zuga shi da sunan ubansa da na garinsu. Wanda aka kai ƙasa ya sha kaye, kuma ba shi kaɗai ya faɗi ba, garinsu ne ya faɗi.

A wancan tsari babu alƙalin wasa mai usur, babu agogo, babu rubutacciyar doka. Dattawa da tsofaffin 'yan kokawa ne ke raba gardama. Ladan gwani shi ne suna, da kyautar da masu hali suka ga dama suka yi, wani lokaci har da farin jini wajen neman aure. Sunan gwani kan yi nisa iyakar inda makaɗa suka kai shi, idan ya tsufa kuma labarinsa ya koma bakin 'yan tsirarun da suka gan shi da idonsu.

Shekarar 1975 a Tawa

A ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da raɗaɗin fari da yunwar da suka addabi yankin Sahel. Sabuwar gwamnatin ta shiga neman abin da zai haɗa kan Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye ba tare da jam'iyyun siyasa ba. Ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, sannan ta waiwayi kokawa, wasan da talaka ya riga ya sani ba sai an koya masa ba.

A 1975 aka shirya gasar ƙasa ta farko a birnin Tawa, kuma Yacouba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Daga nan aka ɗora gasar a kan ginshiƙai uku waɗanda har yau ba su sauya ba. Na farko, kowace jiha tana tace gwanayenta tun daga ƙauyuka kafin ta fitar da tawaga. Na biyu, masaukin gasar yana zagayawa daga jiha zuwa jiha, ba a bar wa babban birni shi kaɗai ba. Na uku, akwai kambu guda ɗaya tak da kowa ya yarda da shi, wato takobi, wanda hukuma ke miƙa wa zakara tare da rawani da doki da kuɗi.

Yadda ake gudanar da ita

A yau jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da kuma birnin Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokawa 10. Ana ɗaukar kusan kwana 10 ana fafatawa, jiha tana karawa da jiha, a cikin da'irar yashi da aka kewaye da buhuna. Babu rabon nauyi, don haka siriri na iya haɗuwa da ƙato, kuma sau da yawa dabara ce ke rinjayar ƙarfi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tsarin shi ne batun waɗanda ba a kayar ba. Ɗan kokawar da ya sha kaye sau ɗaya zai ci gaba da kare martabar jiharsa a sauran karawa, amma ya fita daga sahun masu neman takobi. Haka adadin ke raguwa kullum, daga 80 zuwa 'yan ƙalilan, har a kai ga mutum biyu a ranar ƙarshe. Saboda haka kowace safiya tambayar da ke bakin jama'a ita ce: mutum nawa suka rage wa Damagaram, nawa suka rage wa Dosso? Wannan lissafi ne ke riƙe mai sauraro daga ranar buɗewa har zuwa ranar rufewa, kuma gidajen rediyo da talabijin na gwamnatin Nijar suna watsa karawar kai tsaye.

An shigo da alƙalai da agogo da gargaɗi ga mai noƙewa, amma ba a kori makaɗa ba, ba a hana kirari ba. Masu shirya gasar sun fahimci cewa idan aka raba kokawa da ganga, an zare mata rai.

Sunayen da suka zauna

Gasar da ke da tarihi a rubuce ita ce ke adana sunan gwanayenta. Filin kokawa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu. Na Dosso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma da sunan Langa-Langa. Yaron da aka haifa bayan sun daina shiga fage ya san su, domin sunansu na jikin gini. Bayansu an yi irin su Balla Harouna, kuma a 2018 Tassiou Sani ya ɗauki takobin a gaban mutanensa a Damagaram.

A wannan zamani babu wanda ya kai Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka. A ƙarshen Disambar 2023, a karo na 44 na gasar da aka yi a Agadas, ya ɗauki takobi karo na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Wannan adadi na 44 shi kansa abin lura ne. Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ke nan, ma'ana 'yan shekaru kaɗan ne kawai aka tsallake, duk da juyin mulki da fari da sauye-sauyen gwamnati da ƙasar ta sha. Sojoji sun zo sun tafi, farar hula sun zo sun tafi, takobi yana nan.

Tsallake iyakar ƙasa

Da gasar cikin gida ta kafu, sai Nijar ta zama ɗaya daga cikin ƙasashe biyu da ke jan ragamar kokawar gargajiya a Afirka ta Yamma. Ɗayar ita ce Senegal, inda kokawa ta zama sana'a mai tsoka, har aka buɗe mata katafaren fili na ƙasa a Pikine, kusa da Dakar, a 2018. Lokacin da Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci a Disambar 2005, kokawar gargajiya na cikin wasannin da aka baje wa baƙi.

Ƙungiyar ECOWAS ma ta rungumi kokawa a matsayin wasan da ya haɗa al'ummomin yankin, ta kafa gasar ƙasashe da ake kira TOLAC, wadda Yamai da Dakar suka fi karɓar baƙuncinta. A wannan mataki dole aka sake fasalin wasan. Kowace ƙasa tana kawo mutum biyar, kuma an raba su bisa nauyi: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Dalili shi ne, abin da ake ɗauka kaye a Dosso ba lalle ne ya zama kaye a Dakar ko a Sakkwato ba, don haka sai da aka zauna aka amince da doka guda.

Sai dai siyasa ta ratsa tsakani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa Maris ɗin 2024, kuma 'yan kasuwar Babura da Maigatari sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan tsakani. Daga bisani Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A watan Maris na shekarar Abuja ta karɓi baƙuncin gasar karo na 13, Senegal ta zo ta ɗaya. Gasar yanki da ta rasa ƙasar Kantu da Issaka Issaka daga cikin mambobin ƙungiyar da ke shirya ta, ta yi rashin ɗaya daga cikin turakunta.

Misali daga Holan

Domin a ga cewa tsari ne ke ɗaga wasa ba yawan masu yin sa ba, ya isa a dubi wani wasa da ba a san shi ba a ƙasar Hausa, mai suna kofbol. Wani malamin makaranta a Amsterdam, Nico Broekhuysen, ya ƙirƙiro shi a 1902. Ana jefa ƙwallo ne cikin kwando marar gindi da aka ɗaura a kan sanda mai tsawon mita uku da rabi, kuma kowace ƙungiya tana da 'yan wasa takwas, maza huɗu da mata huɗu. A 1933 aka kafa masa hukumar duniya, a 1978 aka fara gasarsa ta duniya, a 2006 aka fara gasarsa ta nahiyar Afirka wadda ake yi duk bayan shekara huɗu, sannan a 2019 birnin Durban na Afirka ta Kudu ya karɓi baƙuncin gasar duniya.

Masu buga wannan wasa a faɗin Afirka ba za su kama ƙafar masu kokawa ba wajen yawa. Amma yaron da ya fara shi a makaranta ya san matakalar da zai taka: ƙungiya, ƙasa, nahiya, duniya. Doka a rubuce take, ranar gasa sananniya ce, sakamako kuma a ajiye yake.

Abin da ya rage wa Jigawa

Najeriya ba ta yi watsi da wasannin gargajiya ɗungurungum ba. Akwai hukumar ƙasa da ke kula da su, kuma kokawa da dambe da langa suna cikin wasannin da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Amma a wannan biki kokawa ɗaya ce cikin wasanni da dama, ƙwallon ƙafa da guje-guje sun shafe ta. Babu rana guda a shekara da kowa ya san ta kokawa ce, babu kambu guda da ɗan Kazaure da ɗan Argungu da ɗan Daura suke hange tare.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agustan 1991, tana da abin da za ta ɗora irin wannan tsari a kansa. Tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Babura tana ƙarƙashin Ringim, Roni da Gwiwa kuma suna ƙarƙashin Kazaure. Wato matakalar tana nan a shirye: daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa masarauta, sannan a haɗu a gasar jiha da za ta riƙa zagayawa tsakanin masarautun biyar. Abin da ake buƙata bai wuce doka a rubuce ba, da alƙalai masu horo, da ma'aikacin lafiya a bakin fage, da wata guda da ba ya sauyawa, da kuma littafin da za a riƙa rubuta sunan zakara.

Ga ɗan kasuwa, ribar a bayyane take. Garin da ya saukar da baƙi na kwana 10 ya samu ciniki: masu abinci, mahauta, direbobi, masu masauki, teloli da masu sayar da katin waya duk za su shaida. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, batun ya shafi samarin da ke barin ƙauyuka da zarar an gama girbi, su tafi cirani Kano ko Legas, saboda rani ba ya ba su abin yi a gida. Kokawa ba za ta maye gurbin aikin yi ba, amma tana ba matashi dalilin kula da lafiyar jikinsa da kuma sunan da zai kare.

Akwai masu ƙyamar wasan saboda layu da tsafe-tsafen da wasu ke haɗawa da shi, da kuma cacar da kan biyo bayan taro. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma gasar da ke da hukuma da doka ita ce ke da ikon tsawatarwa, ba taron da kowa ke cin gashin kansa ba.

Nijar ba ta fi Najeriya arziki ba a 1975, kuma ba ta fi ta ba a yau. Abin da ta yi shi ne ta sa rana, ta riƙe ranar shekara da shekaru. Gwanayen da ke tsakanin Babura da Gwiwa ba su gaza na Magarya ƙarfi ko dabara ba. Sai dai na Magarya ya san cewa idan ya kayar da kowa a gida akwai fage na gaba da ke jiransa a Damagaram, na Babura kuwa har yanzu yana jiran a share masa nasa.