Baƙon dodon koɗi a tankin kifi: ki gane shi kafin yaro ya sa hannu

Bara na sauka a gidan yayata a Jidda. Mijinta yana da tankin gilashi a falo, irin na ruwan gishiri, da kifaye masu launi da duwatsun murjani. Wani dare bayan isha'i sai ga autarta, 'yar shekara biyar, ta taka kujera, hannu a cikin ruwa har gwiwa.

"Inna, zo ki ga! Katantanwa mai zane!"

Na ɗauke ta cak, gabana na faɗuwa. Maigidan ya leƙa ya ce shi dai bai sayi wannan ba. To daga ina ya fito?

Masu irin wannan tanki suna sayen dutsen da ya daɗe a ruwan teku, domin ƙwayoyin halittar da ke jikinsa ne ke tsabtace ruwan. A ramukansa ƙananan halittu ke ɓuya su shigo gida. Sai dare ya yi suke fitowa, shi ya sa akan yi makonni ba a gan su ba.

Yawancinsu masu amfani ne, kuma siffar ɓawon ce za ta nuna miki. Mai faɗin gindi da tsinin sama, mai zagayayyen baki, wanda ke manne da gilashi, gansakuka yake ci. Trochus da Turbo suna cikin wannan sahu. Ƙaramin da ke binne kansa a yashi, ya bar dogon hanci a waje, Nassarius ne, ragowar abincin kifi yake kwashewa. Mai santsi da ƙyalli, mai haƙora a tsagar cikinsa, wuri ne, ɗan uwan wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda ake kawowa daga tsibiran Maldibs. Akwai kuma masu ɓarna ga tankin kawai, kamar farare ƙanana masu kama da ƙwayar shinkafa, da ke tsotsar manyan kawa. Waɗannan asarar kuɗi ce, ba ta lafiya ba.

Wanda ya sa ni rubutun nan shi ne Conus. Ɓawonsa kamar mazurari yake: faɗi a kai, tsini a ƙasa, bakinsa kuma siririyar tsaga ce doguwa daga sama har ƙasa. Zanensa ya yi kama da na atamfa ko taswira, abin da ke jan idon yara ke nan. Yana da haƙori kamar ƙaramin mashi da yake harbawa da dafi. Manyan da ke cin kifi, musamman Conus geographus, sun kashe mutane, kuma akwai su a Bahar Maliya. Don haka 'yan uwanmu na Jidda da Port Sudan, da masu kai yara bakin teku bayan umara, wannan magana ta shafe ku ko babu tanki a gida.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga abin da nake so ki riƙe. Harbin kan yi zafi, amma wani lokaci da ƙyar ake jin sa. Wurin zai mutu, sai leɓe da harshe su bi, gani ya dushe, haɗiya ta yi wuya, jiki ya saki. Babban haɗarin shi ne numfashi ya tsaya. Har yau babu allurar karya wannan dafi. Kada ki tsaga wurin, kada ki tsotsa. Ki naɗe hannun da bandeji da ɗan ƙarfi kamar na targaɗe, ki ɗaura masa ƙaramin katako kada ya motsa, ki kwantar da yaron, a wuce asibiti nan take ko da yana wasa. Idan numfashi ya tsaya a hanya, a dinga hura masa iska baki da baki har a isa.

Ikon Allah, daga dafin wani nau'insa, Conus magus, aka samar da maganin zafin ciwo mai tsanani, Prialt, wanda Amurka ta amince da shi a 2004.

Namu fa? Mun ciro shi da dogon matsefi muka sa a kwalba da ruwan tankin. Sai ga idanu biyu a kan dogayen tsinkaye sun leƙo, yana tafiya da 'yar tsalle. Strombus ne, mai kama da Conus amma marar dafi. Yayata ta sauke ajiyar zuciya, amma washegari sai da ta sa aka yi wa tankin murfi.

Dokar da muka kafa a gidan ita ce nake ba ki: baƙon da ba a san shi ba, ba a taɓa shi da hannu, ko da safar roba ce, domin mashin na iya huda ta. A ɗauke shi hoto ta baya da ta baki, a nuna wa masu sayar da kayan tankin. A bakin teku kuma kada yaro ya cusa katantanwa a aljihu, wata tana da rai a ciki.

Ke fa, me yaranki suka taɓa tsintowa da ya tayar miki da hankali? Ki ba mu labari a ƙasa.