Asibiti a cikin waya: wa zai kai shi ƙauye, wa zai riƙe amanarsa?

Bayan sallar La'asar, wani dattijo daga cikin masu bin mu salla ya miƙo mana wata leda cike da takardu, ya ce: "Malam, duba mini, wacce ce ta hawan jini a nan?" Daga wajen Damaga ya yi tattaki zuwa wani asibiti a birni. Da ya isa aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba, sai ya sake gwaje-gwajen da ya riga ya biya da kuɗin gero buhu guda. Ya dawo gida da sababbin takardu, ba tare da ya san abin da suke faɗi a kan jikinsa ba.

Irin wannan wahala ce ake cewa fasahar zamani za ta kawar. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da shirin mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, domin tarihin ciwon mutum ya riƙa bin sa duk inda ya je. Idan hakan ya tabbata, likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, zai ga abin da aka rubuta wa mara lafiya a Babban Asibitin Talata Mafara tun kafin ya buɗe baki.

Ba mu ganin wannan a matsayin baƙon abu. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, kuma neman magani umarni ne. Babban likitan Musulmi, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya kasance yana rubuta labarin ciwon marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma an tattara da yawa daga ciki a littafinsa Al-Hawi. Abin da ya sauya shi ne alƙalami ya koma na'ura.

Sai dai tambayarmu ita ce: wa aka yi wa wannan tsari? Mafi yawan mutanenmu a Bakura da Maradun ƙaramar waya suke riƙe da ita, wadda ba ta shiga intanet. Da yawa sun fi ƙwarewa a ajami a kan boko. A gidaje da dama waya ɗaya ce, tana hannun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa. Manhajar da aka rubuta da Turanci, mai cin data, ba ta san da waɗannan bayin Allah ba. Ga kuma abin da ba za mu manta ba: a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni masu yawa wasu sai sun tsallaka wata jihar kafin su kira ɗan'uwa. Duk tsarin da zai mutu da zarar sabis ya ɗauke, bai dace da wannan ƙasa ba.

Akwai misalin da ya kamata a yi koyi da shi. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da hanyar tantance magani: ka kankare wani wuri a jikin kwalin, ka tura lambar ta saƙon tes, nan take a gaya maka na gaskiya ne ko jabu. Ba ya bukatar babbar waya, ba ya bukatar data. A kan irin wannan turba ya kamata a gina sauran: saƙon murya da Hausa mai tuna wa mai juna biyu ranar awo, lambar kira da za a samu ma'aikaciyar jinya mace ga matan da kunya ke hana su bayyana ciwonsu ga namiji, da kati na takarda a hannun mara lafiya domin ranar da na'ura ta ƙi aiki. A inda hanya ta zama abin tsoro, shawarar ma'aikacin lafiya ta waya tana iya raba ciwon da zai jira gobe da wanda dole a fita da shi yanzu.

Sannan akwai batun amana, wanda a nan ne nauyin ya fi hawa kanmu. Ciwon mutum sirrinsa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan mara lafiya ba da izininsa ba, sai a wuraren da doka ta keɓe, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ƙara ƙarfafa hakan. Amma kafin doka, addini ya riga ya hana tona asirin Musulmi. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton sakamakon gwajin wani ya tura wa abokai a WhatsApp ya ci amana. Haka ma yaron da mahaifiyarsa ta ba shi waya ya karanta mata saƙon asibiti, ya fita yana bazawa. Sakamakon gwaji ɗaya da ya faɗa hannun da bai dace ba ya isa ya kashe aure ko ya rushe baiko. Idan mutane suka ji tsoron haka, za su ɓoye ciwo, ɓoyayyen ciwo kuwa shi ke kisa.

Muna kuma jan kunnen 'yan'uwa: ba duk wanda ya sa farar riga a Facebook ko TikTok ne likita ba. Kada a sayi magani saboda bidiyo, kada a daina shan wanda likita ya rubuta saboda saƙon da aka turo.

Kiranmu ga Gwamnatin Jihar Zamfara da masu ƙera waɗannan manhajoji shi ne su zauna da mata, da dattawa, da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye kafin su yanke shawara. Mu kuma limamai, mu ware lokaci bayan salla mu koya wa jama'a yadda za su adana takardunsu, su tambayi likita sunan ciwonsu, su kuma san haƙƙinsu.

Dattijon nan mun taimaka masa ya ware takardunsa, muka rubuta masa sunan maganinsa da ajami a bayan kati. Ya duba, ya karanta da kansa, ya yi murmushi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.