Mene ne dashen ƙashi bayan cire haƙori?

Dashen ƙashi a gurbin haƙori aiki ne da likita ke yi da zarar ya cire haƙori, inda yake cika ramin da garin ƙashi domin muƙamuƙi ya riƙe kaurinsa. Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori yana zaizayewa idan ya daina ɗaukar nauyin tauna, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda, kuma mafi yawan asarar tana aukuwa ne a watanni 3 na farko.

Garin yana fitowa daga jikin majiyyacin, ko daga ƙashin mutum, saniya ko alade da aka tsabtace, ko kuma daga sinadarin kalsiyam da aka sarrafa, saboda haka ya dace majiyyaci ya tambayi asalinsa. Likita yakan rufe shi da siririn bango na kolajin, wato furotin ɗin da ke ɗaure tsoka da fata, sannan ya ɗinke dasashi, sabon ƙashi kuma ya tsiro a cikinsa cikin watanni 3 zuwa 6.

Masu shirin dasa haƙorin ƙarfe ne suka fi bukatar dashen ƙashi, amma shan taba da ciwon sukari da ba a shawo kansa ba suna jinkirta warkewa.