Dakta, Ba a Sayen Gurbin Bincike

Wani ɗan'uwanmu, Bahaushen Gadarif, yana da digirin dakta a kimiyyar sinadarai. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro shi daga Khartum, ya dawo gida, Allah ya haɗa shi da ɗan aikin gwajin ruwan sha a Umm Rakuba, sansanin da aka sake buɗewa a Nuwamban 2020 saboda 'yan gudun hijirar Tigray. Kwanaki ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, wai wata jami'a a Turai ta ba shi gurbin bincike na shekara biyu, irin wanda ake ba mai sabon dakta kafin ya kafu a koyarwa. An ce ya biya kuɗin buɗe fayil, ya biya. An ce na inshora, ya biya. Kuɗin riɗin gidansu ne na bana.

Da na duba, raina ya ɓaci. Wasiƙar daga adireshin Gmail ta fito. Babu sunan ɗakin gwaji, ba a taɓa ganawa da shi ko ta bidiyo ba. Haba Dakta! Kai da ba ka barin jama'a su sha ruwan tanki sai ka auna shi, ka kwankwaɗi wannan ba gwaji? Ya ce matsi ne. Na sani, amma macuci ai matsin yake farauta.

Irin wannan gurbi aiki ne, kai ake biya. Yawanci farfesa ne ya ciwo tallafin bincike yake neman mai taya shi, don haka sai ya karanta abin da ka wallafa, ya tuntuɓi wanda ya duba kundinka, ya yi maka tambayoyi har ka yi gumi. Wanda bai tambaye ka komai ba sai lambar rasit, aljihunka yake so.

Kuma ƙofofin gaskiya suna nan. Cara ta Birtaniya tun 1933 take agaza wa malaman jami'a da ke cikin haɗari. Akwai Scholars at Risk mai mazauni a Jami'ar New York, da Scholar Rescue Fund na cibiyar IIE. TWAS da ke Trieste a Italiya tana ba masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa guraben bayan dakta. Shirin Philipp Schwartz na Jamus kuwa jami'ar da za ta karɓe ka ce ke nema a madadinka, saboda haka duk dillalin da ya ce zai shigar da sunanka ƙarya yake yi. Gasar akwai zafi, amsa na jinkiri, amma ba ta hannun ɗan WhatsApp ake shiga ba.

Idan tayi ya zo, ka ajiye lambar da ke jikin wasiƙar gefe. Ka buɗe shafin jami'ar da kanka, ka nemo sunan farfesan, ka rubuta masa ta adireshin jami'a. Ɗan'uwanmu ya yi hakan daga baya, sashen ya amsa cewa ba su da mai wannan suna. Kashi na uku, na biza, shi ne kaɗai bai kai ga turawa ba.