Yadda New York Ta Raba Jiragenta da Zanen Ɓarna

Girafiti, wato rubutu ko zanen da ake yi da fenti a jikin bango ko wata dukiyar jama'a ba da izinin mai ita ba, matsala ce da manyan birane suka daɗe suna fama da ita, amma da wuya a sami birnin da ya ɗanɗana kuɗarta kamar New York ta ƙasar Amurka a shekarun 1970 da 1980. Abin ya yaɗu ne bayan da jaridar New York Times ta buga labarin wani matashi a shekarar 1971, wanda yake rubuta laƙabinsa, TAKI 183, duk inda ya bi. Samari suka shiga kwaikwayonsa, kuma ba su jima ba suka gane cewa sunan da aka rubuta a bango yana nan inda aka bar shi, alhali wanda aka fesa a jikin taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa yakan wuni yana zaga unguwannin birnin.

Matakan farko da hukuma ta ɗauka ba su haifar da ɗa mai ido ba. Magajin gari John Lindsay ya ƙaddamar da yaƙi da wannan ɗabi'a a 1972, sai dai matsin tattalin arzikin da ya kusa durƙusar da birnin a 1975 ya hana a kula da jiragen yadda ya kamata. Daga baya an gwada wanke taragai da sinadari mai ƙarfi, wanda sau da yawa yakan dama launukan ne kawai ya bar jirgin da dabbare-dabbare, sannan a 1981 magajin gari Ed Koch ya sa aka kewaye wata ma'ajiyar jirage da waya mai kaifi, aka kuma zuba karnuka. Duk da haka fenti ya ci gaba da rufe tagogi da taswirar hanya, har fasinja yakan kasa hango sunan tashar da zai sauka.

Al'amarin ya sauya a 1984, lokacin da David Gunn ya karɓi shugabancin hukumar sufurin birnin, shekara biyu bayan masana James Q. Wilson da George Kelling sun fito da ra'ayin nan da ake kira na fasasshiyar taga, wanda yake cewa ƙaramar ɓarnar da aka ƙyale takan sanar da jama'a cewa wurin ba shi da mai kula, ta kuma jawo wadda ta fi ta. Ƙa'idar Gunn ita ce, duk taragon da aka tsabtace ba zai sake ɗaukar fasinja da zane a jikinsa ba. An girke ma'aikata da sinadarin goge fenti a tashoshin ƙarshen layi, kuma idan zanen ya gagari gogewa nan take, sai a janye jirgin daga aiki ko da a lokacin cunkoso ne. Da yake burin mai zanen shi ne a ga sunansa, wahalar da ya sha cikin dare ta zama aikin baban giwa, tun da babu idon da zai kai kan zanen. A ranar 12 ga Mayu, 1989, aka janye jirgi na ƙarshe mai ɗauke da zane.

Wannan nasara ba ta kawar da ɓarnar gaba ɗaya ba, domin wasu sun koma karce gilashin tagogi, wasu kuma suka koma bangon gidaje da ƙofofin shaguna, abin da ya sa birnin ya kafa shirin goge zane kyauta ga masu gine-gine a 1999. Haka nan doka ta bambanta ɓarna da zanen da aka yi da yardar mai gini, kamar yadda ya bayyana a 2018, sa'ad da kotu ta umarci mai ginin 5Pointz na yankin Queens a birnin ya biya masu zane 21 da suka yi aiki da yardarsa diyyar dala miliyan 6.75 saboda shafe ayyukansu da ya yi. Abin da tarihin jiragen New York ya tabbatar shi ne, gogewa cikin gaggawa, kullum ba fashi, ta yi aikin da waya da karnuka suka kasa yi.